Goggo Mai Awaki da Bazarar da Ta Tafi da Ita

Daga Allah muka zo, gare shi kuma kowa zai koma. Goggo, yayar mahaifina, ta koma ranar wata Alhamis a ƙarshen bazarar bana, ruwa bai sauka ba. Washegari da hantsi muka kai ta makwancinta a garinmu, wani ɗan ƙauye tsakanin Gagarawa Tasha da Sule Tankarkar. Tun kafin liman ya ta da kabbara yashi ya riga ya ɗau wuta, har mutane suka kasa tsayawa ba takalmi. Wani dattijo da ya dage sai ya kama makara da hannunsa, jiri ya kwashe shi a hanyar dawowa, sai a kan babur aka kai shi gida.

Na sha zaman makoki, amma ban taɓa ganin irin na Goggo ba. Mata suka yi ta zuwa daga ƙauyukan da ban ma san ta san kowa a can ba. Su yi gaisuwa, su yi addu'a, jim kaɗan sai ka ji hira ta karkata ta koma kan akuya da tunkiya: wannan ta ce Goggo ce ta fara ba ta 'yar akuya da ta fita takaba, waccan ta ce Goggo ce ta juya mata ɗan tunkiya da ya zo a gicciye. Amma wata tsohuwa, ƙawar Goggo tun suna 'yan mata, ita ba hira ta zo yi ba. Ta kama hannun matata, muryarta har zaure inda muke zaune:

"Kuna ina? Ke da mijinki, da ƙafafunku da idanunku, kuna ina har rana ta cinye ta?"

Aka yi ta cewa, "Haba Iya, kwana ne ya ƙare. Yi istigfari." Ta yi istigfarin, ta share hawaye da bakin mayafi, can kuma a hankali ta sake cewa, "Kuna ina?" Maza a zaure kowa ya yi kamar bai ji ba. Ni na ji.

A rana ta uku wani Buzu ya iso daga wajen Damagaram, dogon mutum, rawaninsa ya koɗe. Ya ce wani direban kamyo, wato babbar mota, shi ya ba shi labari. Aka kawo masa abinci bai taɓa ba. Ya roƙa a nuna masa garken Goggo, ya shiga ya daɗe a tsaye cikin awaki, ya fito idonsa ja. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Uwa ce." Ya ajiye ƙunshin kanwa a bakin ƙofa ya tafi.

Maigidana a wurin aiki shi ma ya zo daga Gumel. Mutumin Filato ne, Kirista, ya daɗe yana duba dabbobin ƙasar nan, ni kuma malamin dabbobi ne a ƙarƙashinsa. A maƙabarta ya tsaya gefe da hularsa a hannu har aka gama. Da zai shiga mota ya jawo ni gefe.

"Ka san sau nawa na ce zan zo da littafi da biro in zauna da Mama ko kwana biyu ne? Kullum sai in ce bayan damina. Yanzu kai ne ka fi kowa ji daga bakinta. Ka rubuta, ko kaɗan ne, kafin ya ɓace."

Shi ne nake rubutawa. Hannuna ba ya so, domin ba yadda zan faɗi abin da ta sani ban faɗi abin da na kasa yi mata ba.

Goggo ta haihu uku, ba wanda ya kai yaye. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙanenta, mahaifina, da akwati ɗaya da awaki biyu. Ni aka ba ta riƙo. Sunan mahaifinsu aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba. Babana take ce mini, tun ina rarrafe har furfura ta fito mini a gemu. Iyayena duka sun riga ta, gidan ya rage ita da ni da matata da yaranmu.

Ba ta karyawa sai ta shiga garke. Da ta sallame asuba za ka ji sandarta tana dukan ƙasa. Ba ƙirga su take yi ba, taɓa su take yi. Ta kama gindin kunne, ta cusa hannu a hammatar akuya, ta ɗaga leɓe ta dubi dasashi, ta tsaya ta kalli yadda ciki yake hawa yana sauka. Wadda ta kwana ba ta yi tuƙa ba, Goggo ta sani tun kafin ta ƙarasa wurinta, har yau ban san ta yaya ba. Tana da faɗa. In ka kori akuya da gudu da tsakar rana, ko kai wane ne, sai ta wanke ka tas a gaban mutane. "Ƙarfin da ka sa ta zubar yanzu, kai za ka mayar mata? Da me?"

Kuma ba awaki kaɗai take kallo ba. Duk wani mai rai a gida da bayan gari tana son ta san yadda yake yi da zafi da yunwa. Ta ce ƙadangare ba shi da ɗumin kansa, na rana yake ara, shi ya sa da safe kake ganinsa manne da katanga kamar matacce, in rana ta take kuma ya nemi rami. Kaza in ta buɗe baki ta saki fikafikai, ta ce ba ciwo ba ne, fifita take wa kanta, a ƙyale ta. Wata shekara ina hutun makaranta, masu yin tubali suka haƙo kifin nan gaiwa a busasshen kududdufin bayan gari, a dunƙule cikin laka, watanni da ƙafewar ruwa. Goggo ta sa aka kawo mata ta gani. Ta daɗe tana juya ta cikin ƙwarya.

"Dubi nan, Babana. Ba ci, ba sha, ba motsi, amma da ranta. Ta rage wutar cikinta har saura ɗan garwashi, tana jiran ruwa. Akuya ba ta iya wannan ba. Mu ma ba mu iya ba. Iyakar abin da za mu yi wa akuya, mu hana ta ɓarnar ƙarfi."

Buzun nan kuwa, ga yadda suka san juna. Wata bazara da daɗewa ya biyo ta garinmu zai kai raƙuma kasuwar Maigatari. Wata taguwa ta haihu a hanya, nono ya ƙi zuwa, ɗan ya kasa miƙewa. Ya zaro wuƙa zai yanka shi ya wuce, Goggo ta fito ɗebo ruwa ta gani, ta ce ya bar mata shi. Mahaifina ya yi faɗa, ya ce ina ita ina ɗan raƙumi, nonon da mutanen gida suke dama fura da shi za a ba dabbar baƙo? Ta yi kamar ba da ita yake ba. Wata biyu tana tatsar awakinta tana ɗura masa da butar shayi, mu kuwa furarmu ta koma ta ruwa zalla. Da Buzu ya dawo ya tarar da ɗan raƙumi yana tsalle a bayan gida, ya ce ya bar mata shi. Ta ƙi. Ta ce abu ɗaya take so: ya bari ta taɓa raƙumansa da asuba, ta sake taɓa su da la'asar, sannan ya gaya mata dalilin abin da hannunta ya ji.

Ya gaya mata. Raƙumi ba ya saurin gumi. Barin zafi yake ya taru a jikinsa duk yini don kada ruwansa ya tafi, sai gari ya yi sanyi wajen asuba ya sauke shi. Kitsensa kuma ya tara shi wuri ɗaya a tozo, sauran jiki ya bar shi sakayau don zafi ya sami hanyar fita. Goggo ta riƙe wannan magana kamar karatun allo. Tun daga nan duk shekara sai ya biyo da kanwa.

Sau ɗaya muka yi faɗa na gaske da ita, kuma ni ne da laifi. Shekara uku da suka wuce na sayo raguna huɗu, balami, manya, zan turke su don Babbar Sallah. Na gina musu ɗaki na bulo, na rufe da kwano sabo fil, ina jin kaina. Dusa da harawa da kowar wake sau uku a rana, har da tsakar rana, don su yi saurin ƙiba. Goggo ta leƙa ɗakin, ta ɗaga hannu ta kusa taɓa kwanon, ta sauke.

"Babana, wannan ai tanda ka gina. Ka cire kwanon ka sa zana. Abincin rana kuma ka daina."

"Goggo, in ban ba su ba yaushe za su cika?"

"Abinci wuta ne a cikin dabba. Ka hura mata wuta a ciki, rana ta hura mata a waje, ga kitse ya rufe ta kamar bargo. Ta ina zafin zai fita?"

A gaban matata ta faɗa, sai girman kai ya hau ni. Na ce, "Goggo, waɗannan ba awakin tsakar gida ba ne. Karatu na yi a kan wannan aiki."

Ta dube ni. Ta ce, "To, likita." Ta juya. Kwana goma sha ɗaya ba ta ce mini Babana ba. In na gaishe ta, "Lafiya lau, likita." In na dawo aiki, "Sannu da zuwa, likita." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

A rana ta goma sha biyu, wajen azahar, mafi girma a cikin ragunan ya faɗi. Harshe a waje, ciki yana bugawa kamar ganga. Na sa ma'aunin zafi, na ga abin da ya nuna, na aika a kira mahauci. Mahauci da ƙyar ya iso ya same shi da rai. Sauran ukun suna tsaye kai a ƙasa suna haki. Ina tsaye da allura a hannu ban san wanda zan soka ba, sai ga Goggo ta fito da buhunan algarara a jiƙe. Ba ta dube ni ba. Ta sa aka fito da su gindin darbejiya, ta lulluɓe musu wuya da ƙafafu da cikin cinya, tana fifita da faifai. Na kawo bokiti cike zan ajiye musu, ta tare da sanda. Kaɗan-kaɗan, in ji ta, da ɗan jiƙon kanwa, a huta, a sake. Har la'asar tana durƙushe a wurin, mace mai shekarunta. Da na ƙarshe ya fara tuƙa ta dafa kafaɗata ta miƙe.

"Babana, gobe ka hau ka cire kwanon nan."

Shi ke nan. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya. Abin da ya fi ci mini rai, da na buɗe tsohon littafina na makaranta, duk abin da ta faɗa yana ciki. Na karanta shi, na ci jarrabawa da shi, na manta.

Sai bana. Daminar bara ta ɗauke da wuri, wake bai yi harawa ba. Kafin tsakiyar rani rumbun abincin dabbobi ya nuna ƙasa. Rijiyar gari ta ja baya har igiyar guga ta kasa, kowa ya koma kan famfon tuƙa-tuƙa guda ɗaya, shi ma sai an yi ta bugu kafin ya ba da abin da bai fi tsiyayar buta ba. Zafi kuwa ban san da me zan kwatanta shi ba. Kaji suna faɗuwa a akurki. Tsuntsaye suna sauka bakin randa ba sa gudun mutum.

Wata asuba na tarar da ita a garke, hannunta a hammatar wata jar akuya. Na gaishe ta. Ta ce, "Zo ka taɓa." Na taɓa, da zafi.

"Ba zazzaɓi ba ne. Zafin jiya ne. Da, kome zafin rana, asuba tana zuwa da sanyi, dabba ta sauke na jiya ta fara na yau da sabon jiki. Yanzu asuba ba ta kawo komai. Na jiya ya kwana a jikinta, na yau ya zo ya hau kansa, na gobe ma haka. Tun da nake ban taɓa ganin wannan ba, Babana. Ban san maganinsa ba."

Ban taɓa jin Goggo ta ce ba ta san wani abu game da dabba ba sai ranar. Na ji tsoro.

Duk da haka ba ta zauna ba. Ta hana a saki awaki sai da sanyin safiya da bayan la'asar. Ta sa muka ninka zanar rumfa biyu. Muka yi ta yawon tsintar 'ya'yan gawo har wajen Sule Tankarkar, inda muka tarar wasu sun riga mu. Da abin ya ƙi, ta ce a rage garke. Na ɗauka ramammu za ta fitar, sai ta nuna masu kyan gani, masu jiki. Ta ce waɗannan cinsu ya yi yawa, zafi kuma ya fi kama su. Jajayen nan ƙanana masu dogayen ƙafafu, waɗanda ba mai kallonsu a kasuwa, su ne za su ga damina.

Akwai wata tsohuwar akuya, Kyalla, haƙoranta duk sun cinye, ƙashin bayanta kamar a rataya riga. Matata ta ce, "Goggo, ita wannan ba gara a yanka ba? Ba haihuwa, ba nono, ga dusa tana ci."

"Ke dai ki lura da rana," in ji Goggo. "In ta kwanta duk su kwanta. In ta tashi duk su tashi. Ita ta san lokacin da ake daina motsi. Ki yanka ta, ƙananan nan su yi ta zarya a rana har su ƙone."

Jiƙa mata dusa take yi ta yi laushi kamar kunu, tunda ba haƙoran tauna. Ruwa kuma ba ta ajiye mata a komi tare da sauran. Tsumma take tsomawa a ƙwarya ta matse mata a baki. Na ce, ga ruwa a gabanta, in tana so ai za ta sha.

"Ba za ta so ba. Tsohuwar dabba jikinta ba ya gaya mata gaskiya. Sanyi ya kama ta ba ta iya riƙe ɗumi, zafi ya kama ta ba ta iya sauke shi, ƙishirwa tana cinta ba ta ji. In ka jira ta nema, gawarta za ka ɗauka. Kai mata za ka yi har baki, ka tsaya ka ga ta haɗiye."

Da kunnena na ji wannan. A makon nan ne kuma na lura Goggo ba ta gama kununta, moɗarta takan yini a cike. Na yi mata magana, ta ce ita ba ta jin ƙishirwa, a bar wa yara. Ka san abin da na ce? Dariya na yi. Na ce, "Goggo ta zama raƙumi." Ita ma ta yi dariya.

Ranar Alhamis na loda awaki huɗu a a-kori-kura zan kai Maigatari. Ta rako ni har ƙofar gida tana dogara sanda. "Kada ka bari su tsaya a rana a kara. Ka nema musu inuwa ko ta gindin mota ce." Na ce to. Matata ta ajiye mata ruwa a moɗa ta rufe da faifai, ta kwashi jarkoki ta tafi layin famfo, yara suna makaranta. Ranar famfon ya yi gardama, layi bai kai kanta ba sai bayan azahar.

Ina tsakiyar kara, kasuwar dabbobi, hayaniya ta ko'ina, wayata ta yi ƙara, matata ce.

"Baban yara, ka zo. Goggo ba ta gane ni ba."

Ta tarar da ita a garke, zaune ta jingina da dirkar rumfa, ƙwarya a cinya, tsumma a hannu, Kyalla kwance a gefenta. Jikinta kamar tukunyar da aka sauke yanzu, kuma a bushe, ko ɗigon gumi babu. Tana ta kiran 'ya'yanta da suka mutu tun ba a haife ni ba. Maƙwabta suka sa ta a mota suka yi Gumel. Na bar awakin a hannun dillali na hau ɗan acaɓa, ina ce masa ƙara wuta, yana ce mini taya za ta fashe a kwaltar nan.

A asibiti sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka lulluɓe ta da jiƙaƙƙen zane, ma'aikaciya tana fifita, daidai yadda ita ta yi wa ragunana. Likita ya juyo ya tambaye mu, "Yaushe rabonta da shan ruwa?"

Matata ta ce, "Na ajiye mata da safe."

"Ta sha?"

Matata ta dube ni, ni ma na dube ta.

Sau ɗaya ta buɗe ido. Ta dube ni, na ga ta gane ni. Leɓenta ya tsage, sai da na kai kunne.

"Babana, ka sa su a inuwa?"

Na ce na sa, Goggo. Ƙarya na yi mata, ban ma san inda dillalin ya kai su ba. Na yi ta maimaita mata kalmar shahada, leɓenta yana motsi tare da nawa. Ana kiran la'asar ta cika.

Da muka dawo gida da ita na shiga ɗakinta ɗauko likkafanin da ta daɗe da tanada. Moɗar tana nan a inda matata ta ajiye, da faifanta a kai, cike fal. Ƙwaryar garke kuwa ta kusa ƙarewa. Sau nawa ta tashi ta kai wa akuya ruwa har baki a yinin nan, Allah kaɗai ya sani.

Liman ya zaunar da ni ya ce kwananta ne ya ƙare, ko kogi na kai mata ba za ta ƙara minti ɗaya ba. Na yarda, ban yi jayayya da hukuncin Allah ba. Amma ni malamin dabbobi ne. Ta gaya mini da bakinta yadda ake yi wa tsoho a zafi, na iya yi wa akuya, ban yi wa wadda ta goya ni ba. Matata kuwa yanzu kullum da hantsi takan ɗauki moɗa ta bi tsofaffin unguwa gida-gida, ta tsaya a kansu sai sun shanye.

Kyalla ta mutu kwana huɗu bayan Goggo, duk da na yi mata yadda aka koya mini. Tun daga ranar ƙananan ba sa kwanciya, sai zarya da kuka a tsakar rana, har na ɗaure kowacce a turke. Sau biyu muna fita roƙon ruwa. Hadari ya haɗo daga gabas har mu fara kwashe shanya, iska ta watsa shi. Dusa ta kusa ƙarewa. Ina shiga garke da asuba in kama kunne, in cusa hannu a hammata, duk da zafi, ban san wanne ne ciwo wanne ne na jiya ba.

Shekaranjiya da hantsi wani amalanke da saniya ke ja ya tsaya a ƙofar gidanmu. Wata mata ce, ban san ta ba, daga wani ƙauye can bakin iyaka. Ta sha hanya, ƙafarta ta yi fari fat da ƙura. A cikin amalanken tunkiya ce kwance da tsohon ciki, ta rufa mata zanenta.

"Sallamu alaikum. Nan ne gidan Goggo mai awaki?"

Na ce nan ne. Na ce Allah ya yi mata rasuwa, yau kwana tara.

Ta yi salati, ta zauna a ƙasa a inda take tsaye. Ta yi mini gaisuwa, ta yi wa Goggo addu'a. Sannan ta dubi tunkiyar, ta dube ni. Ta ce tumaki biyu gare ta a duniya, su ne abincin marayunta.

"Malam, kai mene ne nata?"

"Ɗanta ne."

"To ka duba mini."

Muka sauke ta a inuwa. Dasashinta ya yi fari, numfashi sama-sama. Na jiƙa buhu na rufa mata wuya da cinya, na matsa mata ruwa kaɗan-kaɗan, matata tana fifita. Na yi na Goggo, na haɗa da na makaranta, na yi mata allura. Wajen azahar ta ɗaga kai, har matar ta ce alhamdu lillahi. Bayan nan kan ya koma ƙasa bai sake tashi ba. Na ce, "Baiwar Allah, a kira mahauci tun da sauran rai." Ta shafa kan tunkiyar, sannan ta gyaɗa kai.

Da aka gama na kasa haɗa ido da ita. Na ce, "Ki yafe ni. Ni ban iya ba. Da ita ce..."

"Na ga hannunka," in ji ta. "Ita ma ba duka take tsayarwa ba."

Ta naɗe zanenta, ta sha ruwan da matata ta miƙa mata, ta hau amalanke. Har saniyar ta ɗaga ƙafa sai ta ja igiya ta juyo.

"Ɗayar ma ta fara haki tun jiya. Gobe da sassafe zan kawo ta, kafin rana ta ɗaga."

Na buɗe baki zan ce mata kada ta wahalar da kanta, ba kowa a gidan nan. Na ga yadda take kallona. Na ce, "Allah ya kai mu."

Ta kawo ta. Tana nan a rumfarmu yanzu da nake wannan rubutu, ba ta tashi ba, ba ta mutu ba, matar tana zaune kusa da ita da tsumma a hannu.

Ya Allah, ka jiƙan Goggo, ka yafe mata, ka yafe mana abin da muka gaza a kanta. Ka sanyaya makwancinta, ka shayar da ita ruwan da ba a ƙishirwa bayansa, ka haɗa ta da 'ya'yanta uku. Mu kuma da muka rage a cikin wannan rana, da mu da tsofaffinmu da dabbobinmu, ka dube mu, ka saukar mana da ruwa.